Asabarin Gora a Agege

Shekarar da sojoji suka koma bariki, mahaifina ya kwanta jinya a ɗakinmu na haya a Agege. Zafi ya dame shi, ga kaɗaici. Maƙwabcinmu, wani maigadi ɗan Nijar, ya je bakin rafi ya saro gora, ya tsattsage ta siri-siri, ya saƙa asabari.

Da ya rataye shi a ƙofa a madadin labule ya ce, "Baba, ba irin na gida ba ne, amma iska za ta ratsa."

Mahaifina ya shafa saƙar, ya sa masa albarka. Daga kwance yake hango masu wucewa ta tsakanin saƙar yana amsa gaisuwarsu, har ya warke ya koma kasuwa.