Issufu, Bakan Kawu Nomau Nawa Ne

"Wallahi Dije, ran da ta Allah ta kasance, ke za ki fara ji. Bakan kuwa da hannuna zan kawo maki shi har Madawa."

Issufu, bakinka ne ya faɗi wannan. A zauren mahaifinka ka faɗa, yana zaune yana jinka.

Da safen nan labarin ya same ni. Ba kirana aka yi ba. Na buɗe waya ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai ga hotonka, a ƙarƙashinsa mutane suna ta yi maka gaisuwa. Ashe tun jiya aka binne Kawu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu Nomau ya tafi.

Waɗanda ba su san shi ba: wan mahaifiyata ne, maharbi, a wani ɗan ƙauye da ke bayan Tabotaki. Issufu ɗansa ne, wato taubashina. Tare muka tashi, kwano ɗaya. Na zo rubuta alherin Kawu ne, amma ku yi haƙuri da ni, raina a ɓace yake, kuma ba zan yi kamar ba haka ba.

Tun ina ƙarama nake kishin Issufu, kuma kowa a gidan ya sani. Da asuba Kawu zai rataya kwari, ya ɗauki baka, ya ce, "Issufu, tashi mu tahi." Ni kuma a miƙo mini tulu. Ina kan hanyar rijiya ina hango su suna hawan dutse, babba da ƙarami, har su ɓace. Ban taɓa jin an ce, "Dije, tashi mu tahi" ba.

Amma da yamma, in ya zauna gindin gawo yana feƙe itace, Issufu guduwa yake wajen langa. Ni nake zama.

A shekarun saba'in ɗin nan, da fari ya cinye dabbobi, zabin daji da zomayen da Kawu ke harbowa su suka riƙa sa wa miyarmu ɗanɗano. Bai ɗauki baka abin wasa ba. Yakan yanko reshen dargaza, ya ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali, sa'an nan ya ɗaura tsarkiya ya ja, ya kara mini a kunne.

"Mi kinka ji, Ƴal lekkol?"

Haka yake kirana, don ni kaɗai ce mace a gidan da aka sa makaranta.

In na ce na ji ƙara, sai ya kwance ya jefar. Ya ce baka mai surutu shi ke gaya wa nama ga mutuwa nan tafe. Ya ce kada kyan itace ya ruɗe ni, in tambayi kaina abin da zan yi in tsarkiya ta tsinke ina tsakiyar daji.

Ya taɓa sassaƙa mini ɗan ƙaramin baka nawa na kaina. Innata ta gani, ta cusa shi a murhu, ta ce ba ta haifi maharbiya ba. Kawu bai yi faɗa da ƙanwarsa ba. Washegari ya kawo mini gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, ya ce in sa a cikin littafina inda na tsaya.

Da na tafi kwalej a Madawa, duk ranar kasuwar da ya samu zuwa sai ya biyo ta ƙofar makaranta da ƙunshin bandar nama. Ba ya shiga. Yana tsayawa can nesa da malfarsa, sai an kira ni.

To ga yadda bakan da ake magana ya zo gidanmu.

Bayan babban farin shekarun tamanin, Nasaru suka zo yankin Keita aikin tare ruwa da dasa itatuwa. Akwai wani mai gemu a cikinsu, Kawu ne ya riƙa nuna masa hanyoyin dutse da inda ruwa ke bi da damina. Da zai koma ƙasarsu, ya aiko cewa Kawu ya zo ya zaɓi kyauta. Ina hutun makaranta a lokacin, sai Kawu ya tafi da ni don in yi masa tafinta. Issufu ma ya biyo mu, ba wanda ya gayyace shi.

Nasaran ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ajiye bakuna biyu irin nasu. Ba mu taɓa ganin irinsu ba. Gajeren baka ne aka gicciya a kan gindi irin na bindiga, da kunama a ƙasa. Ana taka shi da ƙafa, a jawo tsarkiyar har ta maƙale, a ɗora kibiya, sai a taɓa kunama. Shi yana ce masa arbalet. Mu har yau bakan Nasara muke cewa.

Ɗaya sabo ne fil, baƙi wuluk, da tabarau a samansa da ƴan ƙananan wili a kunnuwansa. Ɗayan tsoho, gindinsa na itace ya sha hannu har ya yi santsi.

Kawu ya dube mu ya ce, "Ku biyu, kowa shi zaɓa in gani."

Kafin ya rufe baki Issufu ya rungume sabon. "Baba, wanga! Dubi tabarau! Da wanga ko daga Buza sai in harbo zabo ga Tabotaki."

Na ce, "Kai da ba ka iya samun tunkiya ɗaure?"

Ya ce, "Ke yi mana shiru, ba a tambayi masu tulu ba."

Wannan maganar ce ta sa na tashi tsaye. Na roƙi Nasaran da Faransanci ya harba mana kowanne. Ya kafa buhun yashi a jikin bango. Kowa ya zuba wa buhun ido, ni kuwa na juya ina kallon zabin mai gadin gidan da ke kiwo a gefe. Da ya harba sabon, ƙarar ta sa suka watse suna kuka. Muka jira suka dawo. Da ya harba tsohon, ɗaya ce kawai ta ɗaga kai, ta ci gaba da tsince-tsincenta.

Sai na tambaye shi, in tsarkiyar sabon ta tsinke, wa zai gyara? Ya ce gaskiya sai an aika ƙasarsu, don da na'ura ake ɗaura ta. Na ce tsohon fa? Ya ce wannan duk mai iya tufka igiya mai ƙarfi zai iya.

Na dafa tsohon.

Nasaran ya yi dariya ya kama gemunsa. Ya ce in gaya wa Kawu, shi ya so a ɗauki sabon, don tsohon nan shi ne wanda yake ƙauna. Amma ya riga ya ce a zaɓa, ba zai janye ba. Ya ɗauka da hannu biyu ya miƙa.

Ka ji, Issufu? Baƙo, wanda ba ya sallarmu, abin yana masa ciwo amma ya cika maganarsa.

Kawu ya ce, "Ƴal lekkol ta zaɓa. Ni aro ni ka yi. Ran da na kwanta dama, bakan ga nata na." Da muka isa gida ya sake faɗa a gaban maharban garin, har da wanda yake Sarkin Baka a yau. Sarkin Bakan yana nan da ransa da hankalinsa.

Amma kun san wa ya riƙe bakan a cinya a bayan kamiyo, babbar motar kayan nan, har muka iso? Issufu.

Wa ya fara harbo zabo da shi, aka yi ta guɗa? Issufu. Wanda ya zaɓi ɗayan.

Shekara da shekaru yana rataye a kafaɗar Issufu. Mutanen Urno da na Galma sun san shi da shi, suna cewa ga mai bakan Nasara nan. Tsarkiyar ta tsinke ba sau ɗaya ba, Kawu ya tufka wata, bakan ya ci gaba da aiki kamar yadda na ce zai yi. Ni kuwa na zama malama har direktiris, wato shugabar makaranta, na yi aure, na karanta littattafan da ban san iyakarsu ba, na koyar da ƴaƴan mutane har na yi furfura. Ko sau ɗaya ban taɓa jan kunamar nan ba.

Na ji haushin Kawu a kan haka, kuma na so shi fiye da yadda zan iya rubutawa. Duka biyun gaskiya ne.

Ganina da shi na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne. Idanunsa sun riga sun tafi. Ya gane ni da sallamata, ya ce, "A'a, Madam Direktiris ta tuna da talakkawa." Ya sa aka ɗauko bakan daga ɗaki, ya lallaba ya ɗora mini a gwiwa. Ya fi yadda nake zato nauyi.

Ya ce, "Kin taɓa halba shi?"

Na ce, "A'a, Kawu. Ba ka taɓa ce mini in tashi mu tahi ba."

Na yi nadamar faɗa. Can ya ce, "Tsoron bakin uwakki ni ji, da na mutane. In kin amshe shi, ki tai gona, ki halbi gawon nan sau guda. Sa'an nan ki sauke tsarkiya, ki bar shi shi huta."

Issufu na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. A nan ya yi rantsuwar da na buɗe rubutun nan da ita.

Yanzu ku je shafinsa ku kalli hoton. Yana zaune a kan tabarmar gaisuwa, bakan a cinyarsa, kamar dai ranar kamiyo. Ya rubuta cewa zai tafi da shi Yamai ya rataye a salonsa, wato falonsa, don tunawa da Baba. Kuma ku duba da kyau: a ɗane yake. An ja tsarkiyar an maƙale ta. Wani ya tambaye shi a ƙasa, ya ce ai a ɗane ya fi kyau a bango.

Issufu, kai ka fi kowa sanin ba a barin baka a ɗane. Ko tsayawa sallah Kawu zai yi a daji sai ya sauke. In aka bar shi haka, kafaɗunsa za su saki, ƙarfinsa ya tafi, ba kuma mai dawo da shi. Bakan da ya ciyar da kai kake so ka kashe don baƙinka su yi hoto.

Na kira ka ɗazu. Ka yi dariya ka ce, "Haba Dije, ba a wasa da ke? Taubashi fa nike. Abin taubashi ai ganima na."

Na san wasan taubashi. Ka sha ɗauke mini takalmi ranar biki, na sha zuba maka barkono a fura, ba wanda ya kai ƙara. Amma ba a wasan taubashi da gawa, kuma ba a yinsa da wasiyya. Kada ma ka fake da gado. Ni ba magajiyar Kawu ba ce, shi ya sa wasiyyarsa gare ni ta halatta, kuma tsohon baka ɗaya bai kai sulusin abin da ya bari ba. Ka tambayi liman, in ba ka yarda da masu tulu ba.

Ka samu asubahinsa duka. Ka samu dutsen, da sawun nama, da hirar hanya. Ka samu wankansa da ɗaukar makararsa, ni ko kallon ƙarshe ka hana ni, don ka san in na zo ba zan koma hannu wofi ba. Ban ce ka dawo mini da waɗannan ba, ba su dawowa. Abu ɗaya ya bar mini.

Ka sauke tsarkiyar nan yau, kafin rana ta faɗi.

Bakan kuma na ba ka zuwa ranar sadakar bakwai. In gari ya waye ranar bai iso ƙofata a Madawa ba, zan hau motar farko. Ba ɗakin mata zan shiga ba. Zan tsaya a bakin zaure inda maharba ke zaune, in gaishe da Sarkin Baka, in roƙe shi ya maimaita abin da ya ji da kunnensa, kai kuma ka maimaita rantsuwarka a gaban mutanen da suka zo yi maka gaisuwa. Daga nan zan ɗauki bakana in tafi gona. Ba na bukatar rakiya, na san gawon.

Allah Ya jiƙan Kawu Nomau. Allah Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da Aljanna a kan kowane baki da ya ciyar a shekarun yunwa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa Fatiha, ko bai san shi ba.

In kun gama, ni ma ku sa ni a addu'a. Kibiya ɗaya ya ce in harba, kuma ban taɓa yi ba. Allah Ya sa kada in kuskure gawon.