Kiɗan Dashen Shinkafa a Ammariyya

A shekarun da na yi amarci a unguwar Ammariyya ta Jidda, gidan da ke manne da namu na wasu Musulmi ne 'yan ƙasar Sin. Sun zo aikin Hajji lokacin da ƙasarsu ta rikice, ba su koma ba. Babbarsu wata gajeruwar tsohuwa ce mai sayar da taliyar hannu. Larabcinta bai fi na uwar mijina ba, wadda muke kira Inna, shi ya sa suka shaƙu: babu mai yi wa wata dariya.

Da aka sa ranar auren jikarta, wadda za a kai Ɗa'if, tsohuwar ta shigo mana da buƙata. Akwai wata rawa ta garinsu da ake yi da jan ƙyalle da mafici. Yarinyar a Jidda aka haife ta, ba ta taɓa gani ba, kuma duk danginsu babu sauran wanda ya iya sai kakar. So take ta nuna mata kafin a tafi da ita. Makaɗa kawai ta rasa.

Inna ta ce mai sauƙi ne. Bayan la'asar muka hau saman bene da ƙwaryar da ta riƙo tun daga ƙasar Hausa, muka kife ta a bahon ruwa. Ni da ƙanwar mijina muka ɗauki 'yan sanduna. Tunda biki aka ce, sai muka saki kiɗan biki, mai zafi. Tsohuwa ta ɗaga ƙafa, ta rasa inda za ta ajiye ta. Muka sassauta, ta sake gwadawa, sai muka ga tana ja da baya. Ƙanwar mijina ta zaci jiri ne, ta yar da sanda ta ruga ta tare ta.

"Halas, a bar shi," in ji tsohuwar, ta fara naɗe ƙyallenta.

Inna ta riƙo hannunta. "Tsaya, Hajiya. Ita rawar nan wa ya fara ta? 'Yan fada ko 'yan biki?"

Larabci bai ishi tsohuwar ba, sai ta zare tsinkaye daga tsintsiyarmu. Ta duƙa, ta kafa ɗaya a tsagin daɓe, ta ja baya, ta kafa wani. A faɗarta, tun zamanin kakanni manoma ne suka fara ta, suna dashen shinkafa cikin ruwa. Mai dashe da baya yake tafiya don kada ya taka abin da ya dasa, wani kuma ya tsaya a bakin fadama yana kaɗa ganga don hannuwa su tafi tare. Daga baya aka fito da ita daga gona zuwa dandali, ƙyallen share gumi ya zama na ado. Ban san ko masana tarihi za su yarda ba, yadda ta faɗa na kawo.

Inna ta tafa hannu. "Ashe kiɗan gayya ne! Ku tashi, 'yan birni. Wace cikinku ta taɓa riƙe fartanya?"

"Inna, mu ko gona ba mu taɓa gani ba."

"Ai na ji a hannunku."

Ta karɓi sandunan. Kiɗan noman taron dangi ta yi, wanda ta sani tun tana budurwa: bugu mai nauyi, sai ɗan shiru, gwargwadon yadda mai aiki zai miƙe ya sake duƙawa. Cikin wannan shirun tsohuwa ta samu wurin ajiye ƙafarta. Ta yi gaba, ta karkata, ta ja baya, ƙyallen ya tashi sama.

"Yalla, Hajiya!" in ji Inna. "Saura kunya guda!"

Ranar biki, a wajen zaman mata, Inna ce ta kaɗa, mu muna tafi. Amarya ta kalli kakarta na ɗan lokaci, sannan ta tattare rigarta ta shiga bayanta. Gaba bai ba ta wuya ba. Da aka zo ja da baya sai ta jefa ƙafa cikin bahon, ruwa ya fantsama har fuskar Inna.

Tsohuwa ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙafar, ta yi dariya har ta zauna.

"Yanzu ta iya," in ji ta. "Da ma cikin ruwa ake yi."