Takardar da Ta Kwana Uku a Cikin Kwalla

Direban da ke jigila tsakanin Kaduna da Tsafe ne ya yi sallama a ƙofar gidanmu ranar Litinin da hantsi, ina tsakar gida ina tsince wake. Na san muryarsa. Shi yake kawo mini saƙon maigidana tun da aka kawo ni gida goyon ciki, wani lokaci lemo, wani lokaci sabulu, kuma kullum da 'yar takarda a naɗe da sunana a bayanta. Na yafa mayafi na nufi zaure, sai na ji yana ce wa Inna, "Wagga ta Malam ce. Ya ce hannu da hannu, kada a ba kowa."

"Ita fa?" in ji Inna.

"Bai ba ni komi nata ba, Inna."

A nan ƙafafuna suka tsaya. Inna ta shigo riƙe da takardar, ba ta dube ni ba.

A wajenmu, idan mace tana gidan iyayenta, miji ya aiko wa ubanta takarda a liƙe, ita ko gaisuwa babu, kowa ya san abin da ake zato. Haka takardar sakin 'yar gwaggona ta zo, ina aji huɗu a sakandare. Baba kuma, wanda shi ne Malam ɗin, ba ya nan, yana Bungudu yana jinyar yayansa. Inna ta buɗe babbar kwallar da ke saman jerenta, ta jefa takardar ciki ta rufe.

"Ba a buɗe saƙon da ba naka ba," ta ce. "Koma ga wakenki."

Maigidana matuƙin jirgin sama ne. A lokacin, shekara biyu da ƙirƙiro jiharmu, yana aiki da wani ƙaramin kamfani mai tsofaffin jirage uku da tikiti mai araha, suna zirga-zirga tsakanin Legas da Kaduna da Sakkwato. A Kaduna muke zaune. Ya taɓa gaya mini cewa in sama ta washe, yakan hango dutsen Kwatarkwashi ta tagarsa, sai ya san garinmu na nan kusa. Tun da na dawo gida, duk ƙugin da na ji a sama sai na fito tsakar gida na ɗaga kai, ko da na san ba ranar aikinsa ba ce. Yawanci ba na ganin komai sai gajimare.

Kafin in baro Kaduna ne maganar babban kamfani ta taso, irin masu zuwa Jidda da ƙasashen Turawa. Wani abokin aikinsa yakan zo su zauna a falo suna juya ta, ni ina kai musu shayi.

"Saura ƙiris ka zama kyaftin a nan," abokin ya ce. "Ka je can, su mai da kai kujerar mataimaki, ka yi shekaru kana cewa ranka ya daɗe."

"Amma jiragensu ba sa tari," in ji maigidana.

"Namu ma tarin tsufa ne kawai, ba ya kisa." Ya yi dariya, ya dube ni. "Amarya, ki riƙe shi da kyau. Wancan aiki ba ya son mai iyali. Duk wanda na sani da ya tafi, sai da gidansa ya girgiza."

Da wasa ya faɗa, ni ma na yi murmushi na ɗauki tire na fita. Amma maganar ta biyo ni har Tsafe. A kwanaki ukun da takardar ta yi cikin kwalla, ita nake ta ji. Na riƙa lissafa abin da ba ni da shi. Turancina na makaranta ne, ya isa karanta jarida, bai isa zama da matan manyan matuƙa ba. Ban taɓa wuce Kaduna ba. Ko jirgin da yake tuƙawa ban taɓa shiga ba. Abin mamaki, ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Kewarsa kawai nake ji, irin yadda yake cire hular aiki ya rataye a bayan ƙofa, da yadda yake cin tuwo da zafinsa yana hura yatsu.

Ran Alhamis ce ranar awona a Gusau. Ina ɗaura ɗankwali Inna ta shigo, ta miƙo mini takardar.

"Kwana uku ba ki ci abin kirki ba, kuma ba ke kaɗai ce ba. In kin gama awo ki wuce Bungudu ki kai mai. Kada ki buɗe."

Na sa ta a jaka, na shiga mota. Da muka zo Kwatarkwashi na leƙa ta taga na dubi dutsen. Damina ta sa masa kore a gindi, mata suna wucewa da ƙwarya a ka. Na ce a raina, shi daga sama yake ganinsa, ni daga ƙasa, wataƙila abin da ya rage mana tare ke nan.

Bayan awo na bi ta Sabon Gari zuwa ofishin waya. Na bi layi, na ba da lambar kamfaninsu, aka nuna mini ɗan akurkin da zan shiga. Wata mata ta ɗauka. Na tambaye shi da Turancin da na shirya tun a mota. Ta ce ya ajiye aiki tun makon jiya, ba ta san inda yake ba, ta kashe. Na daɗe riƙe da kan wayar, sai da na bayana ya ƙwanƙwasa gilashi. Ya bar aiki, bai gaya mini ba. Ban san yadda na kai tasha ba.

Na iske Baba a zauren gidan yayansa, yana kan buzu. Ya dubi cikina, ya dubi fuskata.

"Mi ya fito da ke da wanga nauyi?"

Na durƙusa na miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, ya yage bakin a hankali, ya zaro takardu biyu. Baba ajami yake karantawa, boko kuwa sai dai a karanta masa. Ya miƙo mini.

"Baba, a kira wani," na ce.

"In kai asirin gidana ga wani, ga ɗiyata da ta yi aji shida? Karanta."

Na fara karantawa. Gaisuwa ta ci rabin shafi. Sannan ya ce ya bar ƙaramin kamfanin, domin sau biyu a wata guda inji yana ba su matsala a sama, ya rubuta a littafin gyara, aka ce ya lallaɓa. Ya ce ya tuna akwai wanda ke tafe da bai ga fuskarsa ba tukuna. Babban kamfanin ya ɗauke shi, amma sai ya yi wata shida yana horo a ƙasar waje, bayan haka zama ya koma Legas. Bai sa hannu ba. Yana neman izinin Baba, in an yi arba'in kuma ya dawo, ya tafi da ni can. In Baba ya ga nisan ya yi yawa, zai haƙura ya nemi wani ƙaramin kamfanin a Kaduna. Bai gaya mini ba ne don bai dace ya ja ra'ayina ina ƙarƙashin Baba ba, kafin Baba ya yi magana. Takarda ta biyun ta neman fasfo ce, ya riga ya cike sunana da hannunsa.

Na kai ƙarshe, na kasa ɗaga kai. Wata shida. Zan haihu ba ya nan, a yi suna ba ya nan. Hawayen da na riƙe tun Litinin suka zubo kan takardar.

Baba ya dube ni. Can ya ce, "Mi kika zata tana ciki?"

Na shiga naɗe takardar a hannuna. Ya gane.

"Da wannan kika kwana uku? Ke da uwarki, babu wadda ta aiko a kira ni?" Ya girgiza kai. Ladan ya fara kiran la'asar, Baba ya jawo butarsa. "Aurenki na nan, ɗiyata, ba abin da ya taɓa shi. Maganar Legas kuma ni da shi ne, kuma ban ga abin hanawa ba. Sake karanta mini layin ƙarshe."

Na share ido na duba. "A gaida mutanen gida."

"To," in ji Baba, yana neman takalminsa. "Ke ce mutanen gidan. Kunyata ta hana shi faɗin sunanki."