Sammacin Garin da Ruwa Ya Ci

Shekarun da ake aikin madatsar Bakolori ina sajan, kuma ni ke gabatar da ƙara a gaban majistare. Shari'un Mafara, Bakura da Maradun duk ta hannuna suke bi. Yawancinsu na manta, amma akwai ta wani mahauci wadda har gobe ba ta bar raina ba.

Mutumin wani ƙauye ne na bakin gulbi, can wajen Maradun. Sun yi cacar baki da wani dillalin shanu a kan wani sa da kowannensu ya ce shi ya riga tayawa. Dillalin ya zaro adda ya sare masa yatsu huɗu na hannun dama, rana tsaka, a gaban wanzamin garin da wani manomi. Da ya ga ya yi ɓarna, sai ya baza cewa ai kama shi ya yi yana kwance igiyar san zai gudu da shi. Mahauci kuwa in aka ce naman sata yake sayarwa, ya gama sana'a.

Ranar da mahaucin ya fara zuwa wurina ya ce, "Sajan, yatsu sun tahi, na bar ma Allah. Alƙali dai nika so shi hwaɗa da bakinai ni ba ɓarawo ba ne."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Shaidu biyu gare mu."

Ashe cika baki na yi. Kafin a sa ranar shari'a ruwan madatsa ya taso ya ci ƙauyen, aka tashi mutanensa, kowa ya kama gabansa. Waɗanda suka san mahaucin tun yana goye suka watse. Shi ya dawo Mafara da iyalinsa, cikin mutanen da ba su san komai a kansa ba sai hannun da labarin da dillali ya riga shi kawowa.

Ka'ida ta ce a rubuta sammaci da sunan garin da shaida ya faɗa ranar da aka ɗauki bayaninsa. Haka aka rubuta. Masinjan kotu ya tafi, ya dawo ya rubuta a bayan takarda cewa ba a same su ba. Yo ina za a same su? Sai dai ya tambayi kifi! Aka ɗage, aka sake rubuta wani sammacin da sunan garin nan dai, masinja ya sake komawa bakin ruwa ya sha iska. Wallahi da hankalinmu, manya da mu.

Na roƙi babur in nemo su da kaina, aka ce babu. Motar ofis guda ce, kullum tana wajen madatsa.

Muna da 'yar ƙungiya tamu ta masu gabatar da ƙara, mukan haɗu a Sakkwato jefi-jefi. Na wanke kaki na tafi da maganar, don na san ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Tun hantsi har azahar ana gardama a kan ko ya dace mu zauna tebur ɗaya da lauyoyi a kotu, ko a ba mu namu. Da ƙyar na sami baki. Na ce shaidunmu sun watse, shari'u na mutuwa a hannunmu, mu nemi a yarda a bi su inda suka koma, a kuma ba mu abin hawa. Shugaba ya ce magana ce mai kyau, in kawo ta a rubuce. Na rubuta. Har na bar aiki ban ji amsa ba, amma teburin kam an samu.

Sai na koma kan kekena ranakun hutu. Na je Janbako, na je Kaya, na je Ruwan Gizo. Manomin aka ce ya yi kudu. Wanzamin aka ce an gan shi a Bakura yana aski gindin wata tsamiya. Na isa na tarar da tsamiyar, shi ya tafi ci-rani.

A zama na huɗu lauyan dillali ya miƙe ya ce mai gabatar da ƙara wasa yake da lokacin kotu. Ni! Majistare bai da abin yi, ya kori ƙarar don rashin shaidu. Dillali ya karɓi takardar sallama mai hatimi, ya yi ta yawo da ita kara-kara, duk inda ake cinikin shanu, yana nunawa. Na ji kunya, na ji haushi, na rasa wanda zan shaƙe.

Talatar da ta biyo na shiga kasuwa, na sami mahaucin a ƙarshen layin mahauta. Ya koyi yanka da hagu. La'asar ta yi, kowa ya kusa sayar da nasa, shi tirensa cike.

Ya ce, "Sajan, kai dai ka san gaskiya. Hwaɗa musu, ga su nan."

Na cire hula, na ɗaga murya yadda duk layin zai ji. Na ce ni na riƙe shari'ar nan, na karanta bayanin shaidu da idona, bawan Allahn nan bai saci komai ba, zaluntarsa aka yi.

Wani dattijo mai sayen hanta ya dube ni, ba da raini ba, ya ce, "To, sajan, in haka ne, mi ya sa alƙali ya saki wancan?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin sammaci da ɗage shari'a, na ji ko ni ba zan yarda da shi ba. Mahaucin ya jira ni, ya jira. Sannan ya jawo takardar buhun siminti ya rufe namansa.