Randunan Barmo biyu

Barmo mijin yayata Dije ne, manomin aya da gero a wani ƙauye bayan Gangara. Shekara talatin da huɗu ina kallonsa, ban taɓa ganin ya karɓi sabon abu da hannu biyu ba. Ka kawo masa iri, sai ya shuka kunya uku a gefen gona ya zuba ido har kaka. Taki ma haka. Da 'yarsu Safina ta sayo masa salula, sai da ya ba maƙwabcinsa ya riƙe wata guda, ya ga kunnen mutumin bai toshe ba, sannan ya karɓa. Ni dai haushinsa nake ji, amma gonarsa ta fi tawa.

Ciwon suga ya kama shi shekara shida da suka wuce. Majo, babban malamin asibitin Gazawa, ya rubuta masa ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ita kuma Yaya Dije zuciya ce ta gaji. Ƙafafu sun kumbura, daga ɗaki zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango. Likita a Maradi ya ce wani sashe na tsokar zuciyar ya mutu, kuma abin da ya mutu a nan ba ya dawowa. Barmo ya ce to. Muka dawo gida.

Da hutun damina Safina ta zo daga jami'a. Muna zaune gindin itacen bedi ta ce ta karanta akwai wani ɗan mitsitsin kifi da in an yanki zuciyarsa takan sake tohowa, kuma masu bincike na duba ko wani maganin suga yana da tasiri a kan tohowar. Sau uku ta ce ba a tabbatar ba, kuma a kifi ne, ba mutum ba. Na lura Barmo ya daina taunar goro.

Da wani ne, da ya ɗirka wa matarsa ƙwayar nan take. Barmo kuwa ba ya shuka iri bai gwada ba. Ya tafi tabki ya sayo tarwaɗa goma masu rai wajen masunta, ya ajiye randa biyu bayan rumbu, biyar nan biyar can. Ta dama ana daka mata ƙwaya a dusa, ta hagu dusa zalla. Ƙwayar wa? Tasa mana. Ta yamma ya fara ba su, daga baya ya haɗa da ta safen, wai kifin sun ƙara girma.

Ni na kama shi da turmin yaji a hannu.

Na ce, “Yaya Barmo, kifin nan ciwon zuciya suka ce maka suna yi?”

Ya ce, “Ba su ce ba.”

“To me zai toho?”

“In kwana sittin ya cika zan fede in gwada da na hagu.”

“Wanda ka fede ai ya mutu!”

Ya ce ya sani, shi ya sa ya sayo goma. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa Dije ba, ni kuma sakarai na rantse. Wallahi har yau abin yana cina.

Wajen kwana arba'in da fara gwajin, kututturen gero ya soke shi a babban yatsan ƙafa. Ciwon da a da yake warkewa a mako ya ƙi kamewa, ya yi baƙi, ya soma wari. Da majo ya auna jininsa sai ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa, ya tambaye shi ko yana shan magani. Barmo ya ce ana sha. Aka tura mu Maradi, aka yanke yatsu biyu.

A ranar na karya rantsuwata, na kira Yaya Dije a salula na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Matar da ba ta iya kai kanta rijiya ta shiga motar haya, ta zo da kwano a ɗaure cikin zane, tana numfashi kamar ta hau tudu.

Da Barmo ya farka bai dubi ƙafarsa ba. Ya jawo rigata ya ce, “Wa ke ba su? Saura kwana tara.”

Yaya ta ce, “Babu mai ba su, Malam. Na soye su duka. Ga naka nan.”

Na ja baya, na ce a raina yau za a yi ta. Ya leƙa cikin kwanon, ya dube ta.

“Kin ci?”

“Na ci, don haushi.”

“Na randar dama?”

“Ina na san dama da hagu? Biyu na ci, manyan.”

“Manyan na dama ne,” in ji shi. Ya gyara kwanciya, ya kama wuyan hannunta ya ɗora yatsa inda ya ga majo yana ɗorawa, ya ce mu yi shiru.

Muka yi shirun. Ba ta janye hannun ba.