Murhun da Yaya Bulus Ya Bar Mana

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne yayana, Dakta Bulus. Malamin jami'a ne, ya ƙare rayuwarsa yana binciken wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a cikin ƙwayoyin jikin mutum, masu mai da abinci da iska su zama ƙarfi. Sunansu na boko, maitokondiriya, ya fi ƙarfin bakinmu, sai ya ce mu kira su murhu. In murhun ya lalace, in ji shi, huhu kan gaji, suga kan hau.

Mu a gida "likitan ɓera" muke ce masa, don dakta ne amma ko maganin zazzaɓi ba ya rubutawa, sai gwaje-gwaje a kan ɓeraye. Shi ma ba kanwar lasa ba ne. Duk ran da ya zo shagona a Sabon Tasha ya tarar ina suyar ƙosai da itace, sai ya tsaya bakin ƙofa yana toshe hanci.

"Ladi, wannan hayaƙin fa ba bango kaɗai yake baƙantawa ba."

Bai bar ni na huta ba sai da na koma gas.

Da zai leƙo yau, ban san inda zan sa fuskata ba. Gas ya yi tsada, bara na koma itace. Jikata Alheri, 'yar 'yata, a bayana take wuni saboda uwarta tana aikin kamfani. Tun damina take tari, irin mai fito a ƙirji. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnena ya ji, amma jikin da ke shan wahalar ba nawa ba ne. Ina jin kunya ƙwarai, kuma gobe ma zan hura wutar, domin da ƙosan nan muke ci.

Rubuce-rubucensa suna jami'a, ɗalibai na karantawa. Ni abin da ya rage mini wata magana ce da ya taɓa yi. Ya ce murhun nan daga uwa kaɗai ake gadonsa, namiji ba ya ba 'ya'yansa. Nasa ya shiga kabari da shi. Amma na Mama ne muka ɗauka mu biyu, ya bi ta wurina zuwa 'yata, daga ita zuwa Alheri. Wato irin wanda ya raya Yaya ne ke cikin ƙirjin yarinyar nan, ni kuma kowace safiya da hannuna nake turnuƙe shi da hayaƙi.