Rumbunan da Barira ta ƙi bugawa

Barira 'yar yankin Tawa ta shekara goma tana buga wa wata mujallar bincike rubutu a Yamai, kuma ba ta yarda da takarda sai ta karanta ta sau biyu. A shekarar fari, lokacin da soja ba sa son jin kalmar yunwa, wani dokta ya rubuto wai ya je ƙauyen su Barira bana, ya ga rumbuna cike da hatsi, har ya jera sunayen masu su.

Ta kai wa editan, wanda ake ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci.

"Mushe Tanimu, wannan ba na buga ta."

"Madan, ke ma dokta ce?"

"A'a. Amma tara daga cikin mutanen nan suna kwana a tsakar gidana a unguwar Wadata tun bara. Zo ka tambaye su rumbun."